Lambun Gida: Ki San Lokaci Kafin Ki Sayi Iri

'Yan uwana mata, wannan darasi a kan lambun gida ne, wato ɗan filin da ke bayan ɗaki ko gefen rijiya. Abin da nake so mu gane shi ne, kowane kayan miya yana da lokacinsa. Mace za ta ci rance a asusu, ta sayi iri mai kyau, ta sha wahalar ban ruwa, amma idan ta shuka a lokacin da bai dace ba, to kuɗi sun tafi, ga kuma bashi yana jira.

Shekararmu kashi huɗu ce. Damina a yankin Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram takan kama daga Yuni zuwa Satumba, a wajen Zariya da Kaduna kuma takan fara da wuri ta kuma daɗe. Sai kaka, Oktoba da Nuwamba. Sai sanyin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu. Sai bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke tsananta, rijiyoyi su ja baya. Ina ba ku shawara ku yi lissafin shuka da waɗannan watanni. Watan azumi da na Sallah suna matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka ba za su nuna miki lokacin shuka ba.

Da damina, ki shuka masu son zafi da ruwa: kuɓewa, rama, yakuwa, lalo, kabewa da alayyahu. Ki bari sai ruwa ya zauna, kada ruwan farko ya ruɗe ki, domin sau da yawa yakan ɗauke ya bar iri ya ƙone a ƙasa. Kuɓewa takan fara ba da 'ya'ya bayan kamar wata biyu. Alayyahu kuwa mako uku zuwa huɗu kin fara yanka. Abin da ya yi yawa ki shanya a inuwa, shi ne miyar rani.

Tumatir, albasa, kabeji, latas da karas sun fi son sanyi. A nan ne lissafi yake. Ki ƙirga daga baya, ki fara da ranar da zafi zai shigo. Misali tumatir: rainon iri yana cin kamar mako huɗu, daga dashe zuwa tsinkar farko kuma wata biyu zuwa biyu da rabi. Idan kika yafa iri a tsakiyar Oktoba, za ki dasa a tsakiyar Nuwamba, ki fara tsinka a ƙarshen Janairu. Amma idan kika bari sai Janairu kika yafa, furensa zai fito ne a Maris, zafi ya kakkaɓe shi, ki ga ganye kore shar babu 'ya'ya. Albasa ta fi shi daɗewa a reno, mako shida zuwa takwas, don haka ita ma a fara ta da kaka. Karas ba a dasa shi, inda kika shuka nan zai girma.

Da bazara kada ki faɗaɗa lambu. Ki riƙe fangali ɗaya na alayyahu da bishiyar zogale biyu ko uku. Ki rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, ki ba da ruwa da sassafe ko da yamma. Lokacin ne kuma na tara taki. Kashin awaki da na kaji sai ya ruɓe kafin a zuba, ɗanyensa yana ƙona saiwa.

To ina asusu ya shigo? Mai son lambun sanyi ta nemi rancenta a Satumba, don iri da garwar ban ruwa su samu kafin Oktoba. Karan dawa na darni yana samuwa da kaka, ki yi shingen kafin a saki dabbobi, in ba haka ba awaki ne za su ci ribar. Kafin ki karɓi rance ki tambayi kanki: yaushe zan fara sayarwa? Idan wa'adin biya wata uku ne, tumatir ba zai kai ba, sai ki haɗa da alayyahu da latas masu saurin kawo kuɗi. Kada kuma duk ƙungiya ta shuka abu ɗaya a mako ɗaya, kaya za su yi yawa a kasuwa, farashi ya faɗi.

A zama na gaba, kowacce ta zo da amsar abu uku: wane wata rijiyar unguwarku take ja baya, bokiti nawa za ki iya ɗiba a rana, kuma me za ki shuka a wane wata. Sakatariya ta rubuta a littafin ƙungiya, mu duba tare kafin a buɗe akwati. Allah ya sa albarka.