Limaman Kirista Biyu a Katsina, 1711: Darasi ga Ɗalibin Tarihi

Akasarin mutanenmu sun ɗauka cewa labarin Kiristanci a ƙasar Hausa ya fara ne da zuwan 'yan mishan a ƙarshen ƙarni na 19. Ni ma haka na ɗauka, har sai da na fara nazarin abin da ya faru tsakanin 1500 da 1800 Miladiyya.

A shekarar 1622 Paparoma ya kafa wata hukuma a birnin Rum mai suna Propaganda Fide, domin kula da yaɗa addini a ƙasashen waje. Wajen shekarar 1700 sai rahotanni suka riƙa isa gare ta daga Tarabulus cewa akwai ɗimbin Kiristoci a Kwararrafa, kudu da Borno. A kan wannan ne limamai biyu 'yan ɗarikar Faransiskan, wato Carlo Maria mutumin Genoa da abokinsa Severino, suka bar Tarabulus a 1710. Sun bi ayari ta Fezzan zuwa Agadas, daga nan suka gangaro Katsina, inda rashin lafiya ta kama su suka rasu a 1711. Ba su kai Kwararrafa ba, ba su kuma bar coci ko mabiya ba. Fatake ne suka kai labarin rasuwarsu Tarabulus. Masanin tarihi Richard Gray ya yi nazarin takardun wannan tafiya a 1967.

Abin da nake son ɗalibi ya lura da shi shi ne bambancin ji da gani. Tafiyar limaman tabbas ce, domin akwai takardunta a ajiye. Amma batun Kiristocin Kwararrafa ji-ta-ji-ta ce da ta ratso hamada daga baki zuwa baki, ta faɗa kunnen masu ɗokin jin ta. Littafin Tarihin Kano ya ambaci hare-haren Kwararrafa a ƙarni na 17, amma bai kira su Kiristoci ba.

Saboda haka, a ganina, duk takardar da ta zo hannun mai bincike ya tambaye ta abu uku: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, kuma gani ya yi ko ji? Sannan ya auna ta da rubuce-rubucen malamanmu da tarihin baka. Idan ba a yi haka ba, zaton baƙo sai ya zama tarihin gida.