Daga Guna Zuwa Abzin: Motar da Ba Ta Kai Gindin Dutse

 Shirin yau a kan hanya yake, kuma da asuba zai tashi, saboda haka wanda bai ɗaure kayansa ba sai ya hanzarta.

Mutumin Guna da ya yi niyyar zuwa duwatsun Abzin ba ya kwana a ɗakinsa daren tafiya. Tun da la'asar zai bar ƙasar fadamu da rake, ya hau kabu-kabu ko ƴar motar kasuwa ya shigo Damagaram, ya yanki biye, wato tikitinsa, ya nemi gefen rumfa a tasha ya shimfiɗa tabarma. Manyan bas-bas na kamfanoni irin su Rimbo da sassafe suke ɗagawa, kuma ba ruwansu da wanda barci ya sace. Ba kamar ƙananan motocin tasha ba ne, waɗanda sai sun cika sun batse kafin direba ya nemo makulli.

Kafin kiran salla hayaniya ta kaure a gindin motar. Yaron mota na tsugune bakin ma'ajiyar kaya, alƙalami a kunne, yana ɗaga kowane ƙunshi ya ji nauyinsa. Ga wani dattijo mutumin Guna da buhu biyu da damin rake.

"Baba, wannan buhun kuɗinsa daban. Kawo jaka ɗaya."

"Haba ɗana, ɗan gero ne fa nake kai wa yara."

"To Baba, ko na yara ne ai nauyi gare shi."

Aka yi ta ja, aka daidaita a kan dala ɗari, yaro ya zana lamba a jikin buhu, ya cusa shi tsakanin katifa da jarkar man gyaɗa. Ga masu saurarenmu na Kano da Katsina, jaka ɗaya sefa 1,000 ke nan, dala ɗari kuwa sefa 500.

Gero ne. Ku riƙe wannan buhun a ranku, domin shi ne tsohon fasinjan wannan hanya. Tun kafin a san mota, ayarin Abzinawa ke tafiya Bilma da Fashi da kaka su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro Damargu da Damagaram har Kano, su koma da gero da tufafi. Unguwar Zango ta Damagaram daga nan ta samo sunanta: wurin saukar fatake ce, a wajen ganuwar Birni.

Amma in ana zancen kaya masu ban mamaki da suka taɓa ratsa Abzin, mai gabatar muku da shirin bai ji wanda ya kai na wasu Turawa uku ba. A shekarar 1850, James Richardson ɗan Ingila da Jamusawa biyu, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, suka taso daga Tarabulus. Cikin kayansu har da jirgin ruwa. E, jirgin ruwa, a tsakiyar hamada! An raba shi gida huɗu aka ɗora wa raƙuma, don a je a sa shi a Tafkin Cadi. Ku ƙaddara yaron motarmu na ɗazu ne aka kawo wa wannan kaya, ko jaka nawa zai yanka? Abin dariyar shi ne, jirgin ya isa. A 1851 Overweg ya harhaɗa shi ya shiga tafkin da shi.

Waɗannan baƙi sun daɗe a Tintellust cikin duwatsun Abzin, garin wani dattijon shugaban Kel Ewey mai suna Annur, suna jiran ayarin gishiri. Da ayarin ya tashi a watan Disamba suka bi shi kudu. A Damargu suka rabu cikin Janairun 1851: Barth ya nufi Tasawa da Katsina da Kano, Richardson ya shigo Damagaram zamanin Sarki Ibrahim. Kusan wata guda suka yi tsakanin duwatsun da nan. Richardson bai ƙara ganin abokan tafiyarsa ba, domin a watan Maris ya rasu a kan hanyar Kukawa.

Wata guda a wancan zamani. Yau, kilomita wajen 450 da ke tsakanin Damagaram da Agadas, wuni ɗaya ne in hanya ta yi kyau. In ta yi kyau, aka ce.

To, mota ta ɗaga. An yi addu'a, an wuce shingen jandarmomi, kowa ya nuna katinsa na ɗan ƙasa ya koma kujera. Wannan ita ce hanya mai lamba 11, wani yanki na doguwar hanyar da aka tsara ta haɗa Aljiyas da Legas. Kimanin kilomita 50 da barin gari za a hango bututu da tankunan matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011 tare da ƴan Sin, aka gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Fasinja kan leƙa ta taga ya yi tsaki ko ya yi murmushi, gwargwadon yadda farashin mai ya kwana a garinsu.

Daga nan sai Damargu. Ƙasa ta buɗe, itatuwa sun fara ja da baya, rumbuna sun yi jere a bakin ƙauyuka. Wannan ita ce rumbun Abzin tun fil azal, gonar gero ta ƙarshe kafin daji. A Tanut, wajen kilomita 140 daga Damagaram, ake tsayawa a sha shayi a ci burodi. Bayan Tanut kuwa, har doka ta san an canja ƙasa: tun 1961 Nijar ta shata layin da noman damina zai tsaya, abin da ke arewa da shi na makiyaya ne. Manoma dai sun daɗe da tsallake layin nan da hauyarsu, wannan kuma shari'a ce ta wani shirin.

Yanzu sai ku duba cikin motar, don nan labarin yake.

A kujerun baya akwai samari, kowa da ƴar jakar goyo da bargo sabo fil. Zinariya za su nema. Tun da aka gano ta a Jado da Cibarakaten a 2014, da rani ƙauyukan kudu kan zube samarinsu a wannan hanya. Kusa da direba akwai Buzu da rawani har hanci, bai ce uffan ba tun Damagaram, sai da aka buɗe ledar ƙilishi ya yi godiya da Hausa tsantsa. Akwai soja mai komawa bakin aiki, akwai malamar makaranta da aka yi wa canji, tana ta tambaya ko gaskiya ne sanyin can na fasa leɓe. Gaskiya ne, malama, nemi man kaɗanya.

Akwai kuma mata da ƙananan yara, waɗanda ba Agadas za su tsaya ba. Yankin Damagaram ya san wannan tafiya, ya kuma san kukanta. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Akasarinsu daga wajen Kance suka fito. A 2015 aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda ta sa aka kama direbobi aka ƙwace motoci a Agadas, a watan Nuwamban 2023 kuma hukumomin soja suka soke ta. Doka ta zo, doka ta tafi, kujerun nan dai ba su taɓa zama wayam ba.

Tsakanin Tanut da gangaren Tigidit nan ne hanya ta daɗe tana cin mutuncin mota. Shekara da shekaru kwalta ta ɓaɓɓake, ta bar ramuka masu kaifin baki, har direbobi suka gwammace su sauka su bi rairayi a gefe. A 2021 Bankin Duniya ya amince da kuɗin gyaran wannan yanki mai fiye da kilomita 200. Duk wanda ya bi hanyar a shekarun lalacewarta ya san sautin nan: injin na kuka, taya na juyawa wuri ɗaya, sai direba ya waiwayo. "Maza, a taimaka a sauka." A sauka, a tone rairayi da hannu da shebur, a shimfiɗa faranti na ƙarfe a ƙarƙashin taya, a tura. Alhaji da babbar riga, ɗan zinariya, soja, duk kafaɗa ɗaya. Wata tsohuwa daga taga tana ba da umarni: "Ku tura da ƙarfi mana, ƴaƴan nan, kamar ba ku sha fura ba!"

Sai Adarbisanat, inda ake sallar azahar in an yi sa'a. Kafin mota ta gama tsayawa ƴan mata sun kewaye ta da cuku, faifai-faifai, sirara, da zanen tabarmar da aka shanya shi a kai. Sabo yana da taushi da ɗan tsami. Busasshe kuwa sai an daka shi a fura, ko a jiƙa a shayi, in ba haka ba haƙori ne zai biya. Mutumin Guna kan sayi na tsaraba tun a tafiya, ya manta cewa ta nan zai dawo.

Ga abin da ya fi ba mai gabatar muku da shirin mamaki. An ce za a je ƙasar duwatsu, ko ba haka ba? To, duk wannan wuni da aka yi ana gudu, bambancin tudu tsakanin Damagaram da Agadas ko mita 100 bai kai ba. Hasali ma, da aka iso gangaren Tigidit, sauka mota ke yi. Doguwar gaɓa ce ta dutse, ta yi baka kamar lauje tana fuskantar arewa, a gindinta fili ne shimfiɗaɗɗe na laka. A wannan yanki ne ayarin wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, ya tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba ta zamanin da, irin wadda ake kira dinozor, a 1997. Tsawonta ya fi na bas ɗin da ake ciki. Suka sa mata suna Jobaria tiguidensis: rabin farko daga Jobar, dodon tatsuniyar Abzinawa, rabi na biyu daga Tigidit. Makiyayan wurin sun daɗe da sanin ƙasusuwan, su ne ma suka nuna.

Da magariba ko bayanta sai hasumiyar masallacin Agadas ta bayyana, mita 27 na jar ƙasa da itace ya fito mata ta ko'ina. A ƙarni na 16 aka fara gina ta, aka sake ta a 1844, UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Sojojin Kawsan, wani jagoran Abzinawa, sun yi wa barikin Faransawa na nan ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917, kuma daga Damagaram dakarun da suka karya ƙawanyar suka taso. Baƙo Bahaushe ba ya neman tafinta a kasuwar Agadas. Gobirawa ma, in ka tambaye su, daga Abzin suke cewa kakanninsu suka gangaro.

Kuma nan bas ta ƙare. Biye ya ƙare, dutse bai fara ba.

Barth ma ya ɗanɗana wahalar hanyar da ke tsakanin Agadas da duwatsu. Lokacin da ya so zuwa Agadas daga Tintellust a Oktoban 1850, takarkari aka ba shi. Ya hau, sa ya girgiza, Bature da kayansa suka zube ƙasa.

Lokaci na neman ƙure mana, sai mu yi sauri. Mai zuwa Timiya, fiye da kilomita 200 a cikin duwatsu, sai ya nemi katkat, wato mota mai ja da taya huɗu, ko babbar motar kaya, a bi ta cikin koramu da baƙaƙen duwatsu. Da damina in korama ta kawo, sai a zauna a jira ta wuce. Ladan wahalar shi ne lambunan lemu da rumman da dabino a tsakiyar kwarin duwatsu, ga ruwa na zubowa daga sama cikin tafki. Mai zuwa Tabelot kuwa, motocin da suka sauke albasa a Agadas su zai bi, a saman kaya, rawani a fuska.

Daga can ake hawa Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tagas take, mita 2,022, wuri mafi tsawo a Nijar. Sunan Bagzan aka taɓa sa wa jirgin saman shugaban ƙasa, amma mazauna kan dutsen da jaki da ƙafa suka saba hawa. Jakunan kan sauko da albasa da tafarnuwa da dankalin turawa. In za su koma, gero suke ɗauka.

Dattijon Guna yana tashar Agadas, ya ƙwato buhunsa daga ƙarƙashin katifa, ya duba lamba, ya ga jarkar mai ta ɗan yi masa yoyo a gefe. Ya tambayi wani mai shayi inda motocin Tabelot ke lodi, aka ce masa sai gobe bayan hantsi. Ya sake warware tabarmarsa.

Baba, a kwana lafiya.