Ɗakin da ake karanta cuta a jikin gilashi

Dubban mutanen da ke shiga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Gyadi-Gyadi, kaɗan ne cikinsu suka san inda ake kai ƙarin da likita ya yanko a ɗakin tiyata. Sashen fatoloji, wato nazarin cututtuka, ake kai shi, kuma nan ne ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke fara ganin cuta ido da ido, bayan sun ƙare karatun lafiyayyen jiki. Asibitin, wanda aka kafa a 1988, yana cikin ƙaramar hukumar Tarauni, a kan titin Zariya.

Tsokar da aka kawo sai an jiƙa ta a fomalin don kada ta ruɓe. A daskarar da ita cikin kaki, a yanka ta siririya har haske na ratsa ta, a shimfiɗa kan gilashi, sannan a rina ta da rini biyu: ɗaya ya mai da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya, ɗayan ya mai da kewayenta ruwan hoda. Ɗalibi na farkon zuwa, idan ya leƙa madubin ƙara girman abu, atamfa kawai yake gani. Sai da kwana da tashi yake bambance ƙwayar da ta mutu, da wadda ta kumbura, da wadda ta rikiɗe zuwa daji.

Kumburi ne tushen karatun. Tun ƙarni na farko Celsus na ƙasar Rum ya lissafa alamunsa huɗu, wato ja, zafi, tashi da ciwo. A 1858 Bajamushe Rudolf Virchow ya nuna cewa cuta daga ƙwayar halitta take farawa. Littafin fatoloji na Robbins, wanda ya fara fitowa a 1957, shi ne har yau ke hana ɗalibai barci.

Amma littafin a Amurka aka rubuta shi, gilashin kuwa na Kano ne. A nan ɗalibi zai ga ƙwan tsargiya maƙale a bangon mafitsara, irin wadda yara ke kwasowa a ruwan noman rani na Kura da Kadawa, ya kuma fahimci yadda kumburin shekara da shekaru ke iya zama sankara. Zai ga ɓarnar tarin fuka a kaluluwa, da jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sun lanƙwashe.

Abin da ba ya samu da yawa shi ne binciken gawa. A Kano ana sallar mamaci a binne shi a ranar, kuma iyalai ba safai suke yarda a buɗe shi ba. Wannan giɓi ne babba a karatun, domin gawa ce kan nuna abin da ya ɓoye wa likita. Malamai sukan cike shi da sassan jiki da aka adana a kwalabe, da hotuna, da abin da tiyata ta kawo.

Ga kuma nazarin jini, da ƙwayoyin cuta, da sinadaran jiki, da ilimin magunguna, duk a jarrabawa ɗaya. Wanda bai ci ta ba, ba zai wuce aji na gaba ba.