Iyo Don Taimakon Jama'a

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Amma ka san akwai masu shiga ruwa don su fid da waɗansu daga wahala? A ƙasashe da yawa, mutum yakan ɗauki alkawarin yin iyo mai nisa a gulbi, ko tabki, ko teku. Jama'a kuma su tara kuɗi saboda wahalar da ya sha, a ba marasa lafiya ko marayu. Shi kansa ko dala ba ta shiga aljihunsa.

Ga yadda ake yi. Da farko mai iyo yana faɗin nisan da zai yi, da ranar, da waɗanda za a taimaka. Daga nan kowa ya faɗi abin da zai bayar, a rubuta. Misali, mutum 40 sun yi alkawarin dala 20 kowanensu a kan kowace kilomita. In mai iyo ya yi kilomita 5, kowa zai biya dala 100. In an haɗa, jika 20 ke nan. Ka ga ai kamar gayya ce. Bambancin kawai, a gayya kowa yana zuwa da hauyarsa, a nan kuwa mutum ɗaya ke shan wahala, saura su sa hannu aljihu.

A Ingila, a shekarar 2011, wani ɗan wasan ban dariya mai suna David Walliams ya yi iyon kilomita 225 a kogin Thames cikin kwana 8. Gudawa ta kama shi a hanya, amma bai fasa ba. An tara kuɗi fiye da fam miliyan 1 don taimakon mabukata.

Wani lokaci hankalin mutane ake so a jawo. A Gana, a shekarar 2023, wata mata, Yvette Tetteh, ta yi iyon kilomita 450 a ruwan Volta cikin kwana 40, don a san yadda tarkacen tufafin gwanjo ke ɓata ruwa. A Legas, a shekarar 2024, Akinrodoye Samuel ya yi iyon kusan kilomita 12 a gefen babbar gadar birnin, don a riƙa kula da masu ciwon damuwa.

Mu ma ba baƙin ruwa ba ne. A Argungu, ƙasar Kabi, ana gasar iyo da tseren kwalekwale lokacin bikin kamun kifi. A nan jihar Maraɗi muna da tabkin Madarunfa da masuntansa, ga kuma Gulbin Maraɗi da ke cika da damina.

To, amma a yi hattara. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Waɗannan mutane ba tashi suka yi rana ɗaya suka faɗa ruwa ba. Mai irin wannan iyo yana yin watanni yana gwaji, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Ranar iyo kuma jirgin ruwa ko kwalekwale na biye da shi, da abinci, da ruwan sha, da masu ceto. In ya gaji a ciro shi, ba abin kunya ba ne.

Gulbinmu ya fi haɗari lokacin da ya kawo. Ruwan na da ƙarfi, ya yi ja, ba ka ganin rami ko kututture. Yana iya ƙaruwa farat ɗaya ko ba a yi ruwan sama a Gidan Sori ba, domin daga ƙasar Katsina yake gangarowa. Ruwan tabki kuwa yana iya sa tsargiya, wato fitsarin jini. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi likita, akwai magani. Kada ka shiga ruwa kai kaɗai. Kada ka bar yara su yi gasa a gulbi ba babba a kusa.

Sai maganar amana. Kuɗin taimako in ba a rubuta ba, rigima ce ke biyo baya. A nan karatunka zai yi amfani. A samu littafi, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. Mutum biyu ko uku su riƙe kuɗin, a karanta lissafi gaban mai gari da jama'a.

Ba dole sai iyo ba. Samarin garinku na iya yin tseren keke, ko kokowa, ko tafiyar ƙasa, a tara kuɗin gyaran rijiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi
1. Me ya sa kwalekwale ke bin mai iyo?
2. In mai iyon misalinmu ya yi kilomita 3 kawai, jika nawa za a tara?
3. Wane aiki ne garinku ya fi bukata a tara masa kuɗi?