Albashi, La'ada ko Kaso: Yadda Ƙungiyoyin Damargu Za Su Biya Mai Nema Musu Kasuwa

Idan kaka ta yi a ƙasar Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji da ke arewacin jihar Damagaram, ƙungiyoyin manoma kan tara gero da wake a magazai, makiyaya kuma su fara lissafin dabbobin da za su fitar kafin ciyawa ta ƙare. Tara kayan ba shi ne mai wuya ba. Inda ake shan wahala shi ne samun wanda zai tsaya ya nemo mai saye na kirki, ya san ranar da ya dace a saki kaya, ya kuma bi bashi har kuɗi su shigo.

Kaɗan ne daga cikin waɗannan ƙungiyoyi ke da ƙarfin ɗaukar ma'aikaci na dindindin domin wannan aiki. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024, kuma mutumin da ya san manyan 'yan kasuwar Damagaram, yana da lambobin masu saye a Mai'aduwa da Maigatari da Dawanau, ba zai zauna a kan wannan kuɗi ba. Ga shi kuma aikin na 'yan watanni ne. Saboda haka abin da ya rage shi ne a ɗauki gwani na ɗan lokaci, wanda sau da yawa yana yi wa wasu ma aiki. Tambayar ita ce: da wane tsari za a biya shi?

Ba Damargu kaɗai ke da wannan tambaya ba. A Amurka da Ingila ƙananan kamfanoni sun daɗe suna hayar shugaban sashen talla na rabin lokaci, mutum ɗaya yana riƙe da kamfani uku ko huɗu, ana biyansa ko dai kuɗin wata tsayayye, ko kuɗin awa, ko jinga, ko kaso daga ciniki, wani lokaci ma a ba shi hannun jari. Sunayen ne kawai suka bambanta, domin kusan duk waɗannan hanyoyi akwai su a kasuwannin Hausa.

Dillali da la'adarsa

Tsarin da kowa ya sani shi ne na dillali. A kasuwar dabbobi ta Tanut ko ta Belbeji, Bafillace ko Buzu ba ya shiga kara ya tsaya ciniki da kansa. Yana miƙa dabbarsa ga dillalin da suka saba. Dillalin ne ke sauke shi, ya ba shi abinci da wurin kwana, ya kuma tsaya wa mai saye shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Idan an sallama, sai ya karɓi la'ada, wadda galibi a kan kai ake yanke ta: ta raƙumi daban, ta sa daban, ta rago ko akuya daban.

Amfanin wannan tsari a fili yake: in ba a sayar ba, ba a biya. Amma la'adar da aka yanke a kan kai ko a kan buhu ba ta damu da farashi ba. Ko an sayar da buhun wake jika 23 ko jika 27, abin da dillali zai samu ɗaya ne, don haka abin da ke gabansa shi ne a sallama da wuri ya koma kan wani cinikin. Sannan akwai tsohon ƙorafin makiyaya, cewa ba a gabansu ake yanke magana ba, kuma kuɗin da aka faɗa musu ba lalle ne su zama waɗanda mai saye ya ƙirga ba.

Mu ɗauki misali don lissafi ya fito. A ce wata ƙungiya a Gangara ko Olelewa tana da buhu 400 na wake, kuma ana sayen buhu jika 25 a lokacin kaka. Kuɗin kayan duka sefa miliyan 10 ke nan. In an ba dillali dala ɗari a kowane buhu, wato sefa 500, zai tashi da jika 200, kashi 2 cikin ɗari na cinikin. Arha ne, amma aikinsa ya ƙare ranar da mota ta tashi.

Kaso daga ciniki

Masu ganin sun waye sukan ce a bar la'adar buhu a koma kamasho, a ba mutum kashi 3 cikin ɗari, ta yadda in farashi ya hau shi ma ya ƙaru. A kan buhu 400 ɗin nan zai samu jika 300. To amma a duba abin da zai faru idan aka ce ya yi haƙuri wata biyu, ya yi ta buga waya da zirga-zirga, har ya samo mai saye da zai ƙara jika 2 a kowane buhu. Ƙungiya ta ƙaru da jika 800. Shi kuwa rabonsa a cikin ƙarin jika 24 ne kacal, kuɗin da ba lalle su biya masa mota da katin waya ba. Mai hankali ba zai yi wahalar wata biyu a kan jika 24 ba. Zai dawo ya ce wa shugabanni kasuwa ta yi sanyi, gara a saki kaya.

Wannan ba zato ba ne. Masana tattalin arziki biyu, Steven Levitt da Chad Syverson, sun bi cinikin gidaje kusan dubu 100 a kewayen Shikago, suka wallafa sakamakon a 2008. Sun gano cewa idan dillalin gidaje nasa gidan yake sayarwa, yakan bar shi a kasuwa kusan kwana 10 fiye da na mutanen da yake yi wa aiki, kuma yakan sayar da tsada da kusan kashi 3.7 cikin ɗari. Ba mugunta ba ce ta kawo haka, tsarin biyan ne ya koya masa.

Akwai kuma hanyar da ta fi kowace sauƙin faɗa: "Ka kawo mana jika 25 a buhu, abin da ya hau naka ne." Nan kam mutum zai yi gudu har da faɗuwa, domin ƙarin jika 800 ɗin duka aljihunsa za su shiga. Manoman da suka yi noman, suka sayi buhun PICS mai ninki uku don kare wake daga ƙwari, suka ɗauki kasadar ajiya, ba za su ga ko dala daga hauhawar ba. Malamai ma sun yi saɓani a kanta. Buhari ya kawo cewa Ibn Abbas da Ibn Sirin ba su ga laifinta ba, amma malamai da dama sun ƙi ta saboda ladan ba sananne ba ne a lokacin ƙulla yarjejeniya. A yankin da ake bin Malikiyya, ya kamata a ji ta bakin malamin gari kafin a shiga.

Kuɗin wata

Biyan kuɗin wata shi ne abin da Turawan can suka fi yi da irin waɗannan shugabanni, kuma akwai dalili. Yawancin aikin neman kasuwa ba ya nuna kansa a ranar ciniki. Sanin lokacin da hukumar OPVN za ta sayi hatsi, shirya takardu don shiga sayayyar ƙungiyoyin agaji, lallashin banki ko asusun lamuni ya karɓi kaya a matsayin jingina ya ba manoma bashi har farashi ya tashi, koya wa 'yan ƙungiya tace kaya da cika awo: duk waɗannan ba mai la'ada da zai ɓata lokacinsa a kansu.

Sai dai lissafin yana da nauyi. Jika 60 a wata har shekara jika 720 ne, sama da kashi 7 cikin ɗari na cinikin miliyan 10. Idan aka taƙaita shi ga wata huɗu na hada-hada, ya sauko jika 240. Kuma ko an sayar ko ba a sayar ba sai an biya. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma wa zai duba ko an yi askin? Mutumin yana zaune a Damagaram, kilomita kusan 150 daga Tanut, yana kuma riƙe da wasu ƙungiyoyi biyu. In mai saye ɗaya ya zo yana neman mota ɗaya ta wake, kayan wa zai fara nuna masa?

Jinga ta fi dacewa da aikin da ke da farko da ƙarshe, kamar a ce ya kai raguna 60 da mata suka yi kiwo kasuwar layya ya sayar, ko ya samo yarjejeniya ɗaya da wani babban ɗan kasuwa. Kuɗin yini kuwa sai ga wanda aka kira ya ba da shawara ya tafi.

Wa zai ɗauki asara idan hanya ta rufe?

Abin da ya bambanta Damargu da Shikago shi ne yawan abubuwan da ke ɓata ciniki ba tare da laifin kowa ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin ECOWAS ya sake rufe su har farkon 2024. A tsakanin nan darajar naira ta faɗi warwas, ɗan kasuwar Kano ya zo da kuɗi jaka guda ya canza su koma 'yan jikkuna. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi, har da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso, sannan a Mayun 2025 ta dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar salla don farashi ya sauko wa 'yan ƙasa.

A irin wannan shekara, wanda ke kan kamasho zalla ya yi aikin banza, kuma baɗi ba zai dawo ba. Wanda ke kan kuɗin wata kuwa ya karɓi nasa cif, ƙungiya ce ta kwana ciki. Duk tsarin biyan da aka zaɓa, a ƙarshe magana ce ta wanda zai ɗauki wannan kasada, kuma ya fi kyau a faɗe ta tun ranar farko.

A ganina, tsarin da ya fi yi wa ɓangarorin biyu adalci shi ne a haɗa biyu: ɗan kuɗin wata da zai riƙe mutum, da kaso mai tsoka daga abin da ya ƙaru kawai. A misalinmu, jika 30 a wata har wata huɗu jika 120 ne. Sai a ce yana da kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da ya samo sama da farashin kasuwa. In ya kawo ƙarin jika 800, ya ɗauki jika 160, jimillarsa jika 280, ƙasa da abin da mai kashi 3 zai karɓa, alhali manoma sun riƙe jika 640 na ƙarin. In shekara ta ɓaci, ƙungiya jika 120 kawai ta fitar.

Wurin da rigima ke tashi a wannan tsari shi ne ma'aunin. Idan aka auna da farashin kaka, to an ba shi ladan hauhawar da ko yana barci za ta zo, tunda hatsi kan yi tsada da bazara. Daidai shi ne a auna da farashin kasuwar Tanut ko Belbeji a makon da aka sayar. Nijar na da hukumomin SIMA da SIM Bétail masu tattara farashin hatsi da na dabbobi a kasuwanni, kuma ana iya rubuta a takarda cewa alƙalumansu ne za su raba gardama.

Abin da takarda za ta ƙunsa

Dokar OHADA ta ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome a Disambar 2010 kuma Nijar ke aiki da ita, ta tanadi kwamitin sa ido a kowace ƙungiya. Wannan kwamiti ne ya kamata ya riƙe kwafin yarjejeniyar, ba shugaba shi kaɗai ba. A rubuta cewa kaso ba ya fita sai kuɗi sun shiga hannun ma'aji, domin buhun da aka bayar bashi ba a sayar da shi ba tukuna. A rubuta cewa mai saye zai aiko da kuɗi ta NITA ko Al Izza ko banki da sunan ƙungiya, ba da sunan wakili ba. A fayyace wanda zai biya kuɗin mota, da 'yan dako, da harajin kasuwa, da ko an yarda wakilin ya karɓi wani abu daga hannun mai saye.

Sai batun lambobin waya. Idan wa'adi ya cika mutumin ya kama gabansa, sunayen masu saye da lambobinsu kan tafi a cikin wayarsa, ƙungiya ta koma inda ta fara. Ana iya sa sharaɗin cewa wani matashi daga cikin 'yan ƙungiya zai riƙa binsa duk tafiyar ciniki, yana rubuta wanda aka gani, da farashin da ya taya, da ranar da ya biya, a littafin da zai zauna a magaza.