Kuɗin Gawayin Kabon: Abin da Mai Gona Zai Sani Kafin Ya Sa Hannu

Da yawa daga mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan fansho waɗanda ba su rabu da gona ba. Ta wani tana Kura, ta wani Bunkure ko Dawakin Kudu. Su ne masu babbar waya da asusun banki, su kuma 'yan'uwa na ƙauye ke tambaya in sabon shiri ya ɓullo. Saboda haka maganar nan da ke yawo, wai kamfanonin Turai da Amurka na biyan manomi dala in ya ƙona ragowar amfanin gona ya binne gawayin, ta ƙofarsu za ta fara shigowa. Maganar tana da tushe. Sai dai kuɗin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma ƙaramin manomi ne na ƙarshe a layin karɓa.

Tsiro yana zuƙar iskar kabon yayin da yake girma, in ya ruɓe ko ya ƙone ƙurmus sai iskar ta koma sama ta ƙara ɗumamar yanayi. Amma in aka gasa totuwar masara ko ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa da wuta mai ƙarfi ba tare da iska ta wadace su ba, sai su zama gawayi, wanda masana ke kira bayoca, kabon ɗinsa kuwa yana iya shafe ɗaruruwan shekaru a cikin ƙasa. Baƙar ƙasar da mutanen zamanin da suka bari a dajin Amazon na Brazil har yau tana da albarka saboda irin wannan gawayi. Tan ɗaya na gawayi mai kyau yana riƙe kwatankwacin tan 2 zuwa 3 na iskar kabon, kuma kamfanoni irin su Microsoft suna sayen takardar shaidar hakan, sau da yawa a kan fiye da dala 100 kowane tan. Ba a ba da takardar sai masu binciken da wata cibiya, kamar Puro.earth ta Finlan ko Verra ta Amurka, ta amince da su sun auna sun tabbatar an zuba gawayin a ƙasa, ba murhu ya tafi ba.

Inda abin ya kankama a kusa da mu shi ne Kamaru. A 2022 kamfanin NetZero na Faransa ya fara sarrafa ɓawon kofi zuwa gawayi a garin Nkongsamba. Sirrin ba a kofi yake ba, a tarin ɓawon yake: manoma na kai kofinsu masana'anta ɗaya, ɓawon ya taru tsibi guda, injin ya samu abin ci kullum, mai bincike kuma ya auna komai a wuri ɗaya. Mu a Kano ba ma noman kofi, sai an hau tsaunin Mambila a Taraba. Abin da ya yi kama da ɓawon kofi a wurinmu ɓuntun shinkafa ne, kuma duk wanda ya bi ta Kura ya ga yadda yake jibge a bayan injinan casa, wani lokaci yana cin wuta a hankali yana turnuƙe hanya da hayaƙi.

To a yi lissafi. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera. Manomin da ya girbe tan 4 yana da ɓuntu wajen kilo 800, in an gasa ya ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan nauyi. Gawayin ɓuntu kuma toka ta yi masa yawa, kabon ɗinsa bai kai na itace ba, don haka da ƙyar abin ya kai rabin tan na iskar kabon. Ke nan wajen dala 50, kafin a cire kuɗin bincike da na dillali da na dako da ladan mai hura wuta. Ga shi kuma ɓuntun ma ba a hannun manomi yake ba. Da ya sayar da shanshera ya zama na mai inji. Wanda duk ya ce wa mai kadada ɗaya zai yi arziki da wannan, ko bai yi lissafin ba, ko kuwa ya yi yana ɓoyewa.

Wani zai ce ai ga kara nan jingim bayan kaka, kuma akwai tsarin rami mai siffar mazurari da aka ƙirƙiro don ƙananan manoma, ba ya buƙatar inji. Gaskiya ne akwai shi, kuma cibiyar Carbon Standards International ta Suwizalan tana da ƙa'idar tantance irin wannan aikin hannu. Amma a ƙasar Kano kara ba shara ba ne. Shi ne abincin shanu a rani, da shi ake darni, da shi ake girki. Harawa kuwa kuɗi ce a hannu. Manomin da ya ƙona karansa don dalar da sai bayan watanni za ta zo, in ma ta zo, zai sayi dusa da itace da nairar da ke aljihunsa yau. Mafi muni shi ne a ce kwaɗayin kuɗin ya sa an far wa bishiyoyi da gatari, a yankin da hamada ke matsowa.

Sai batun mazambata, waɗanda ba sa barin sabuwar kalma ta wuce su. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025. A harkar kabon ta gaskiya kamfani ne ke neman manomi, shi ke ɗaukar nauyin horo da rajista. Wanda ya turo fom ta WhatsApp yana neman kuɗin rajista, ko BVN, ko takardar gona, ko ya ce a kawo mutum uku a samu kaso, ba kabon yake saye ba. A tambaye shi sunan aikin da cibiyar da ta yi masa rajista, domin waɗannan cibiyoyi suna wallafa jerin ayyukansu a intanet, kowa na iya dubawa. A tambaya ko Majalisar Kula da Sauyin Yanayi ta Ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, ta san da shi. Ko kamfanin na gaske ne ma, sai an karanta yarjejeniya da idon basira: shekara nawa aka ɗaure manomi, kaso nawa ne nasa, da naira ko da dala, yaushe za a biya, wa zai ɗauki asara in mai bincike ya ƙi amincewa da gawayin. Kasuwar kanta ta sha girgiza a 2023, lokacin da binciken jaridar Guardian ta Ingila ya yi zargin cewa mafi yawan takardun kabon na kare dazuzzuka ba su rage komai ba.

Duk da haka kuskure ne a yi watsi da gawayin saboda kuɗinsa ya yi kaɗan. Ƙasarmu jigawa ce mai rairayi, ruwa da taki suna zurarewa, gawayi kuwa yana da ƙananan ƙofofi da ke riƙe su kusa da saiwa. Da tsadar buhun takin zamani a yanzu, wannan ribar ta fi ta dala tabbas. Amma ba a zuba shi tsura, don yana iya tsotse abincin shuka a shekarar farko ganye ya yi ɗorawa. A daka shi, a cakuɗa da kashin dabbobi ko na kaji, a yayyafa ruwa, a bar shi makonni kafin a kai gona. A fara da 'yan kunyoyi kaɗan a kwatanta da na gefensu, kuma a nemi shawarar malaman gona na KNARDA ko Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero kan irin ƙasar da ke gonar.