Gugguru

Gugguru abinci ne da ake samu idan an gasa ƙwayar hatsi har ta fashe, ta kumbura, ta yi fari. An fi yin sa da wani irin masara mai ƙananan ƙwayoyi, amma ana yi da dawa. Yarbawa na kiran sa guguru. Da irin wannan dabarar ce masana'antu ke kumbura shinkafa da alkama, su sayar a kwali a matsayin abincin karin kumallo.

Yadda ƙwaya ke fashewa

Masarar gugguru tana da ɗan ruwa a cikinta, kimanin kashi 14 cikin 100. Idan ta ɗauki zafi, ruwan yakan zama tururi, amma ɓawonta mai tauri ya hana shi fita, garin da ke ciki kuma ya yi laushi. Da zafin ya kai kusan digiri 180 a ma'aunin Selsiyos, sai ɓawon ya tsage, tururin ya fita lokaci guda, garin ya kumbura ya sandare. Ƙwayar da ta bushe da yawa, ko wadda ɓawonta ya riga ya tsage, ba ta fashewa.

A masana'anta

Ɓawon shinkafa da na alkama ba sa iya riƙe tururi kamar na masara, don haka inji ne ke yin wannan aikin. Masanin tsirrai ɗan Amurka, Alexander P. Anderson, ne ya gano hanyar a shekarar 1901. An nuna kumburarriyar shinkafarsa a baje kolin duniya na birnin St. Louis a 1904, kamfanin Quaker Oats kuma ya shiga sayar da ita.

Ana zuba tsabtataccen hatsi a tukunyar ƙarfe, a rufe ta gam, a dafa har tururi ya taru, sannan a buɗe murfin farat ɗaya, hatsin ya fito a kumbure. Akwai kuma injin da ke dafa ƙullun gari, ya matso shi ta ƙananan ƙofofi, ya kumbura da zarar ya fito, wuƙa tana yanka shi. Bayan haka sai a busar, a ƙara sukari ko bitamin, a rufe.

A Gusau

Ana noman masara da dawa a ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bungudu. A wannan yanki gugguru abin taɓawa ne, galibi tare da gyaɗa, domin koko da ƙosai ko kunu ne suka fi yawa a karin kumallo. Masu sana'ar suna yin sa a rufaffiyar tukunya da ɗan mai ko a ƙaramin inji, su ƙulla a leda, su sayar a tasha, kasuwa da ƙofar makaranta. Ribarsu tana rataye da ajiya: masarar da aka bari a buɗe da hunturu takan bushe ta ƙi fashewa, gugguru kuwa idan ya sha iskar damina yakan yi laushi. Masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da guba mai cutar da hanta, wadda gashi ba ya kawar da ita.